Kafin Ciwon Sukari Ya Kama Mu

'Yan'uwa, ciwon sukari ba ya zuwa dare ɗaya. Akwai matakin da sukarin jini ya haura ƙa'ida amma bai kai ga ciwo ba, kuma mutum kan yi shekaru a haka yana jin kansa garau.

Idan muka ci tuwo ko shinkafa, abincin yakan koma sukari a jini. Insulin, wani sinadari da jiki ke yi, shi ke shigar da sukarin cikin tsoka mu sami ƙarfi. Teɓa da yawan zama kan sa jiki ya daina jin insulin sosai, sai sukari ya taru.

Awo kaɗai ke tona wannan. A awon safe kafin a ci komai, ƙasa da 100 mg/dL lafiya ne, 100 zuwa 125 gargaɗi ne, 126 zuwa sama, in an maimaita, ciwon sukari ne. Mai ƙiba, mai hawan jini, da wanda iyayensa ke da ciwon, su je awo a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko babban asibitin Tsafe ko na Bunguɗu.

Abin godiya, a wannan mataki ana iya juyowa. Binciken da aka fitar a Amurka a 2002 ya nuna rage ƙiba da motsa jiki minti 150 a mako sun rage haɗarin da kashi 58 cikin ɗari.

Saboda haka mu rage lemun kwalba da sukari a koko, mu ƙara wake da zogale, mu riƙa tafiya a ƙafa. Bayan sujada, mu tambayi juna: ka yi awo?