Soket Ɗin Da Ya Yi Baƙi A Bango

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakunan hayar da ɗaliban Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote ke kamawa a cikin garin Wudil ya san abin da zan faɗa. Ɗaki guda, soket guda. A jikinsa an maƙala ekistenshin, a jikin ekistenshin ga cajar waya uku, ga kwamfuta, ga fanka, da sanyin asuba kuma a cusa hitar dafa ruwa. Gidajen magidanta ma ba su tsira ba. An yi musu wayarin tun zamanin da ƙwai biyu da rediyo ne kaɗai kayan wutar gida, yau kuwa firiji da dutsen guga sun tare a kan tsohuwar wayar nan.

Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce. Soket mai ƙafa uku faffaɗa, wanda muka gada daga Ingila, an yi shi ne ya ɗauki amfiya 13, wato kimanin wat 3,000. Butar lantarki kaɗai takan ci wat 2,000, dutsen guga kuma 1,000 ko fiye. Su biyun nan sun cika masa ciki, balle a bi da su ta ekistenshin mai arha da siririyar waya.

Amma abin da ya fi damuna shi ne soket ɗin da ya saki. Idan ƙarafan ciki suka daina riƙe ƙafar filogi gam, wuta na ratsawa ta ɗan wuri ƙanƙani, wurin sai ya ɗau zafi, ya riƙa tartsatsi. Zafin ya ƙara sassauta ƙarfen, robar ta fara narkewa. Fis ba zai tsinke ba, domin shi yawan wuta yake tsarewa, a nan kuwa wutar ba ta wuce ƙima ba. Shi ya sa baƙin da ke bakin rami, da ƙaurin roba, da ƙarar "tsss" idan an taɓa makunni, duk gargaɗi ne. Mu kuwa sai mu tokare filogin da takarda, ko mu fere waya mu cusa ta tsirara da tsinken ashana. Wannan ɗabi'a ta isa haka.

Akwai kuma abin da ɗauke wuta ke jawowa. Ana cikin guga kamfanin rarraba wuta na KEDCO ya ɗauke, mai gida ya tafi kasuwar kara ranar Juma'a, dutsen yana jone. Wuta ta dawo babu kowa, ga iskar hunturu ta busar da komai. Soket mai makunni a jikinsa yana rage wannan haɗari, muddin hannu ya saba kashe shi da zarar wuta ta tafi.

Gyaran bai kai kuɗin sabuwar waya ta hannu ba a yawancin ɗakuna. A ƙara yawan soket a bango, a ba firiji da hita nasu daban, da wayar jan ƙarfe mai girman murabba'in milimita 2.5. A haɗa wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, wadda wasu masu aiki ke tsallakewa don rage kuɗi, alhali ita ke kare mutum idan jikin firiji ya ɗauki wuta. Soket na ƙwarai yana da ƴan murafu a ramukansa, yaro ba zai iya zura ƙusa ba. Mai janareta kuma ya sa makunnin sauya layi, kada wutarsa ta koma kan turke ta kama ma'aikacin da ke gyara.

Masu gidajen haya na Wudil, kafin sababbin ɗalibai su shigo, ku kira mai gyaran wuta da ke da shaidar hukumar NEMSA mai sa ido kan aikin lantarki ya buɗe kowane soket ya duba. Wanda ya yi baƙi a cire shi a ranar.