Kalmar “attack” da Matsalar Fassararta Zuwa Hausa

Daga cikin kalmomin Ingilishi da ke wahalar da ɗalibai masu koyon Hausa a matsayin harshe na biyu akwai kalmar “attack”. Galibin waɗannan ɗalibai sukan fara tsara tunaninsu da Ingilishi, sannan su nemi kalmar Hausa guda ɗaya su ɗora a gurbinta. Da zarar an koya masu “hari”, shi ke nan, duk inda kalmar ta fito “hari” za su rubuta.

Ingilishi ya aro kalmar ne daga Faransanci wajen shekarar 1600, Faransanci kuwa ya samo ta daga Italiyanci, inda take nufin liƙa abu ko haɗa shi da wani. Daga haɗuwar runduna biyu a fagen fama ma'anar yaƙi ta samu. A wannan ma'ana ta asali babu wata matsala: mayaƙa sun kai hari, ko sun kai farmaki. Sai dai a lura, Hausa ta fi ɗora “farmaki” a kan harin da ya zo ba zato. Idan kuwa mutum ɗaya ne ko dabba, cewa ake yi ya far masa, ko kare ya auka wa yaro.

Inda aka fi samun tuntuɓe shi ne fannin lafiya. A Ingilishi cuta ma takan yi “attack”, amma Bahaushe bai san “harin zuciya” ba. Bugun zuciya ya sani. Asma tashi take yi, haka ma farfaɗiya, zazzaɓi kuwa kama mutum yake yi. Muna ganin wannan ya wuce batun maki a jarrabawa, domin daga cikin ɗaliban nan ne ake samun ma'aikatan jinya da masu yi wa ƙasa hidima a garuruwan Hausawa. Wanda ya ce wa dangin majiyyaci an kai wa ɗan'uwansu hari, tambayar da zai fara ji ita ce, “Su wane ne?”

A fagen siyasa da jarida, kalmar na nufin suka ko caccaka. Abin sha'awa, ita ma “suka” daga sukar mashi ta fito, wato harsunan biyu duk makami suka aro wa magana, kowa ta hanyarsa. A ƙwallon ƙafa masu sharhi sun riga sun karɓi “kai hari”, 'yan wasan da ke yin sa kuma su ne 'yan gaba. Tsatsa da gara ba sa kai hari, cin ƙarfe da itace suke yi. Wanda ya yi wa matsala “attack” kuwa tunkararta ya yi.

Bisa ga haka, muna ba da shawarar kada manhaja ta riƙa jera kalma da takwararta a layi biyu, kamar yadda aka saba. A koyar da kalmar cikin jumla, kowace ma'ana da muhallinta, a kuma raba ma'anonin bisa azuzuwa: hari da farmaki a ajin farko, sauran su biyo baya. Malami zai iya buɗe darasin da kalmar “ci”, ya sa ɗalibai su mayar da cin tuwo, cin jarrabawa, cin amana da cin kasuwa zuwa Ingilishi, su ƙirga kalmomi nawa suka buƙata.