Daga Gona Zuwa Fada: Labarin Ibrahim Narambaɗa Tubali

Da yawa daga cikinmu, 'yan'uwa masu karatu, mun tashi ne a gidajen da ba a rasa kaset ɗin Jim Reeves. Ran Lahadi da sassafe, ana ɗora ruwan wanka ana guge tufafin zuwa sujada, muryar nan mai taushi tana fita daga rikoda. Iyayenmu ba dukansu ke jin Turanci ba, amma sun san inda za su yi shiru su saurara. Irin wannan kiɗa shi Amurkawa ke kira kantiri, wato kiɗan mutanen karkara: manoma da makiyaya da direbobin manyan motoci.

Shi Jim Reeves ɗan ƙauye ne na sosai. An haife shi a 1923 a Galloway ta jihar Texas, a gidan manoma marasa ƙarfi, mahaifinsa kuwa ya rasu tun yana jariri. Ya so ya zama ɗan wasan ƙwallo, rauni ya hana shi. Ya koma aikin gidan rediyo, daga nan muryarsa ta fita duniya. Ya rasu ran 31 ga Yuli, 1964, da ƙaramin jirgin saman da yake tuƙawa ya faɗi kusa da birnin Nashville, yana da shekara 40.

To, da muka zauna muna wannan tunani, sai muka tambayi kanmu: mu ba mu da namu ne? Ashe babu wani ɗan ƙauye a ƙasar Hausa da ya taso daga bakin gona, ya rasu tun tuni, amma har yau muryarsa ba ta daina shiga gidaje ba? Akwai shi. Sunansa Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa. Shi ma a farkon shekarun 1960 ya bar duniya. Labarinsa muke so mu kawo muku yau.

Ƙasar da ta haife shi

Wanda bai san gabashin Sakkwato ba, bari mu ɗan zana masa. Isa da Sabon Birni garuruwa ne maƙwabta a kan iyaka da Jamhuriyar Nijar, a ƙasar da gulbin Bunsuru da na Gagare suke haɗuwa su zuba cikin gulbin Rima. Ƙasa ce ta fadama da tudu, ta gero da dawa da shinkafa da albasa. Nan ne tsohuwar ƙasar Gobir. Babban birninta, Alƙalawa, ya faɗi a hannun masu jihadi a 1808. Daga baya wani reshe na gidan sarautar Gobirawa ya kafa Sabon Birni, ita kuwa Isa sarautarta tana hannun zuriyar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Shi ya sa za ka ji Sarkin Gobir a nan, ka kuma ji Sarkin Gobir a can.

A wannan ƙasa, a ƙauyen Tubali, aka haifi Ibrahim wajen ƙarshen ƙarni na 19. A lokacin Tubali tana ƙarƙashin Isa. Yanzu tana cikin ƙaramar hukumar Shinkafi, wadda ta faɗa jihar Zamfara da aka ƙirƙira a 1996. Mahaifinsa, Maidangwale, asalinsa mutumin Filinge ne ta ƙasar Nijar. Mahaifiyarsa kuwa 'yar Badarawa ce, daga gidan makaɗa, kuma ta wajenta ya gaji kiɗa. Game da laƙabinsa, ana cewa wata karya yake da ita mai suna Rambaɗa wadda ba ta rabuwa da shi, har mutane suka riƙa ce masa na Rambaɗa. Sunan da aka sa masa da wasa, shi ne ya bi shi har fadar sarakuna.

Gona ce makarantarsa

Narambaɗa da kiɗan noma ya fara. Yaran yanzu da yawa ba su taɓa ganin gayya ba, don haka bari mu yi bayani. Idan damina ta kankama, ciyawa ta fi ƙarfin mai gona, sai ya gayyato samarin gari da na ƙauyukan kewaye. Mata su dama fura su yi tuwo, samari su jeru kowa da kunyarsa da hauyarsa, makaɗi kuma ya tsaya a gabansu da gangarsa. Aikinsa shi ne ya hana su jin gajiya. Zai kira sunan wannan ya ambaci ubansa da kakansa da irin damman da suka ɗaure, sai ka ga saurayi ya sunkuya yana keta gona kamar ba shi da baya. Zai juya ga wanda aka bari a baya ya sakar masa habaici, jama'a su fashe da dariya, shi ma ya zabura.

Ku duba abin da makaɗi yake koya a irin wannan fage. Dole ya san asalin kowane gida a garin, domin idan ya kuskure sunan kakan mutum, a nan take za a gyara masa. Dole kiɗansa ya tafi daidai da saukar hauya. Dole ya iya ƙirƙirar magana nan da nan, domin ba a zuwa gona da rubutacciyar waƙa. Dole kuma ya san iyakar zolaya, inda take sa mutum ƙwazo da inda take jawo faɗa. Masu sauraronsa mutane ne da ke cikin rana da gumi, ba su da haƙurin maganar da ba ta da gishiri. Duk wanda ya ci wannan jarrabawa shekara da shekaru, babu taron da zai ba shi tsoro.

Ba Narambaɗa kaɗai ya bi ta wannan hanya ba. Musa Ɗanƙwairo na Maradun, wanda ya rasu a 1991, shi ma daga gidan kiɗan noma ya fito kafin ya zama makaɗin sarakuna.

A fadar Sarkin Gobir Amadu

Da Narambaɗa ya ajiye kiɗan noma, sai ya ɗauki kotso. Kotso ganga ce mai siririn tsakiya kamar kalangu, amma baki ɗaya ake rufe mata da fata, kuma da hannu ake kaɗa ta. Tana cikin kayan kiɗan sarauta, tare da taushi da jauje. Da ita ya shiga fadar Isa, ya zama makaɗin Sarkin Gobir Amadu, kuma da sunan wannan sarki aka san shi har ya rasu.

Makaɗin fada ba shi da albashin wata. Ubangidansa ne ke ɗauke da shi: hatsi, riga, rawani, doki, kuɗi a ranar salla ko ranar naɗin sarauta. Shi kuma aikinsa ya tsare mutuncin gidan da bakinsa. Ya riƙe jerin kakannin sarki a ka, ya tuna wa jama'a yaƙe-yaƙen da suka yi, ya kuma yi zambo ga 'yan'uwan sarki masu hangen kujerarsa ba tare da ya kama suna ba. Ba ya tafiya shi kaɗai. Yana da 'yan amshi waɗanda su ma makaɗa ne, shi ya ɗauko baiti su karɓe su ƙarasa, sa'an nan a koma kan gindin waƙar. Duk wanda ya taɓa zama ya saurari zumuntar mata suna waƙa, jagora ta bayar sauran su amsa, ya san daɗin wannan tsari. Idan kaka ta yi, makaɗi yakan nemi izinin ubangidansa ya fita yawon kiɗa, kuma ta haka Narambaɗa ya yi wa wasu sarakuna da alƙalai na ƙasar Zamfara waƙa.

Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne nauyin maganarsa. Ba ya gaggawa. Yakan ɗauko abin da kowane manomi ya sani, kamar gulbi da ya ciko, ko giwa a daji, ko halin kura da na kare, ya auna mutum da shi, sai ka ga maganar ta zauna daram kamar karin magana. Hausarsa kuwa ta yamma ce tsantsa, irin ta Gobir da Zamfara, wadda Bakano ko Bazazzagi sai ya kasa kunne sosai kafin ya kama ta duka. Bai sauya harshensa don a fahimce shi a birni ba. Birnin ne ya koyi sauraronsa.

Waƙoƙinsa biyu sun fi fita. Ta farko ita ce Bakandamiya, inda ya yabi Sarkin Gobir Amadu, ya kuma yi wa kansa kirari a kan gwanintarsa ta waƙa. Ta biyu ita ce Dokin Iska Ɗanhilinge, wadda ya yi wa wani dokin sukuwa. A cikinta mai sauraro yakan ji kamar yana tsaye a bakin fage ƙura tana tashi. Mutumin da ya iya sa doki ya shahara fiye da sarakuna da yawa, ai ba ƙaramin gwani ba ne.

Bayan rasuwarsa

Jim Reeves ya bar faya-fayai masu yawa a hannun matarsa da kamfanin RCA, aka yi ta fitar da su bayan mutuwarsa, har wata waƙarsa ta zo ta ɗaya a Ingila a 1966. Narambaɗa bai sami irin wannan gata ba. Yawancin rayuwarsa ya yi ta ne a zamanin da na'urar ɗaukar murya ba ta kai ƙauyuka ba. Abin da ya rage mana shi ne waƙoƙin da aka samu aka ɗauka a ƙarshen rayuwarsa, waɗanda Rediyon Kaduna da Rima Rediyo ta Sakkwato suka yi ta sawa, masu sayar da kaset suka yi ta kwafa, yau kuma suna yawo a wayoyin hannu. Sautin ya dushe, wani wurin sai ka matso da kunne, amma mutane ba su gaji da shi ba.

Malaman jami'a ma sun ba shi haƙƙinsa. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya kawo tarihinsa a cikin aikinsa kan makaɗa da mawaƙan Hausa, Farfesa Aliyu Muhammad Bunza kuma ya rubuta littafi sukutum mai suna Narambaɗa, wanda ya fito a 2009. Mutumin da gona ta koyar, yau ɗalibai suna samun digiri a kan maganarsa.

Ina makarantar take yau?

A nan ne zancen ya zama mai nauyi. Ƙasar da ta haifi Narambaɗa tana cikin wuraren da 'yan bindiga suka fi addaba a Arewa. Tun daga 2019 dubban mutane daga wannan yanki suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi ta Nijar neman mafaka. A watan Mayu na 2020 an kashe fiye da mutum 70 a hari ɗaya a ƙauyukan Sabon Birni. A watan Disamba na 2021 an ƙona mota da fasinjojinta a kusa da Gidan Bawa, mutum fiye da 20 suka mutu. A watan Agusta na 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. A ƙauyuka da yawa an tilasta wa manoma biyan kuɗi kafin su yi shuka, su sake biya kafin su girbe.

Asarar rai ita ce babba, babu abin da za a gwada da ita. Amma akwai wata asarar da ba a ƙidayawa. Manomin da ke zuwa gona a ɓoye, yana noma yana waige, ba zai kira gayya ba. Wa zai tara samari hamsin a fili, ya kuma sa a buga ganga da za a ji daga nesa? Tun kafin wannan fitina ma, noman kuɗi da maganin kashe ciyawa da tafiyar samari birni sun rage wa gayya ƙarfi. Yanzu tsoro ya zo ya ƙarasa. Idan babu gayya babu makaɗin noma, idan kuwa babu makaɗin noma, to an rufe makarantar da ta yaye Narambaɗa. Wataƙila yau akwai yaro a sansanin gudun hijira mai kunne da baki irin nasa, amma ba shi da fagen da zai gwada su.

Wani zai ce, mu me ya shafe mu da makaɗin fadar Isa? Ya shafe mu ƙwarai. Hausar da ya sarrafa ita ce muke magana da ita a gida da kasuwa, da ita muke waƙa, da ita muke kuka. Mu ma 'ya'yan manoma ne, kuma ƙauyukanmu da yawa sun ɗanɗani irin abin da Isa da Sabon Birni suke sha. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Don haka ga ɗan abin da za mu iya. A kusan kowace unguwa akwai tsoho ko tsohuwa da ta san waƙoƙin noma, da na daka, da na niƙa, musamman cikin waɗanda rikici ya koro daga ƙauye suka zauna tare da mu. Matasanmu kuwa kowa da waya a aljihu. A je a gaishe su, a kai musu ɗan abin da ya sawwaƙa, a roƙe su su rera, a ɗauka, a rubuta sunan garinsu da shekarar da aka ɗauka. Da wani bai kunna na'ura a gaban Narambaɗa ba, da yau sai dai mu ji labari.

Kuma idan kun sa kaset ɗin Jim Reeves ran Lahadi, in an taso da yamma ku nemi Bakandamiya ku sa wa yaranku. Ku gaya musu mai wannan murya ɗan Tubali ne, a gona ya koya. Allah ya kawo ranar da za a sake jin gangar noma a fadamar Isa da Sabon Birni, ba tare da kowa ya waiga ba.