Lilo Mai Juyawa: Sirrinsa da Haɗarinsa

Duk wanda ya yi yawon Sallah a ƙasar Katsina, ko da daga Rawayau ya taso ya nufi Kurfi ko Dutsin-Ma ko birnin Katsina, da wuya a ce bai taɓa cin karo da lilon ƙarfen nan mai juyawa ba, wanda masu shi kan kafa a fili kwana biyu ko uku, yara su yi ta zuba masa kuɗin barka da Sallarsu, sa'an nan a kwance shi a yi gaba. Al'adar kuwa daɗaɗɗiya ce, domin tun a shekarar 1620 wani matafiyi Baturen Ingila, Peter Mundy, ya siffanta irinsa a bikin Idin Turkawa a garin Filibe, cikin Bulgeriya ta yau, tun kafin Turawa su sa masa injin tururi a ƙarni na 19, daga baya kuma lantarki.

Amma sirrin abin, kamar yadda Ibn Sina ya yi ishara, Newton kuma ya tabbatar a 1687, shi ne cewa kowane jiki mai motsi ɗabi'arsa ya miƙe sak, ba ya karkata sai an tilasta masa. Saboda haka yaron da ke bisa kujera sarƙa ce kaɗai ke tsare da shi a cikin da'ira, tamkar dutse a majajjawar mai korar tsuntsaye. Hajijiyar da ke biyo baya kuwa, asalinta wani ruwa ne da Allah cikin hikimarsa Ya sanya a ƙananan hanyoyi uku a can cikin kunne, wanda yakan ci gaba da kewayawa bayan lilo ya tsaya, sai kunne ya shaida wa ƙwaƙwalwa ana tafiya alhali ido na cewa an tsaya, daga wannan saɓani jiri da tashin zuciya ke fitowa.

To, ga inda ya wajaba a yi hattara: idan aka ninka saurin juyi sau biyu, ƙarfin da ke jan sarƙa da ƙusa ninkuwa yake yi sau huɗu, ke nan samarin da ke tura lilo da dukkan ƙarfinsu don yara na ihun “a ƙara, a ƙara”, suna ɗora wa tsohuwar walda nauyin da ba su sani ba. Hakkin mai lilo ne ya binciki sarƙa da noti da gindin ƙarfen kowace safiya, kada kuma kwaɗayin riba ya sa ya lafta yara uku a mazaunin ɗaya. Iyaye su ma amana ce a wuyansu su hana ɗan ƙaramin da bai iya riƙo ba hawa, da mai farfaɗiya, da wanda ya cika ciki yanzu, su kuma ɗaure wa 'yan mata mayafi tamau don kada ƙarfe ya fizge shi. Kiyaye rai yana daga manyan manufofin shari'a, kuma wasan Sallah bai fita daga wannan hukunci ba.