A Computer Village, arhar waya na iya raba ɗan wasan intanet da asusunsa

Daga Agege zuwa titin Otigba da ke Ikeja tafiya ce kaɗan, kuma matasan unguwannin Hausawa sun san hanyar sarai. Can Computer Village, babbar kasuwar wayoyi ta Legas, suke zuwa neman wayar hannu ta gwanjo wadda kuɗinsu zai kai. Ana duba batir, ana duba kyamara, ana taya farashi. Abin da ba kasafai ake tambaya ba shi ne ko wayar za ta ɗauki manhajar tantancewa, wato wadda ke fitar da lambar da kamfanin wasa ke nema bayan kalmar sirri.

Ga wanda ba ya wasan, batun zai yi kama da shiririta. Amma asusun da aka yi shekaru ana ginawa, aka sayi kaya a cikinsa da kuɗin gaske, dukiya ce, kuma 'yan kutse sun daɗe da fahimtar haka.

Tsarin kansa ba shi da sarƙaƙiya. A 2011 aka wallafa ƙa'idar da ake kira TOTP: kamfani da waya suna riƙe sirri guda, suna haɗa shi da agogo, sai lamba shida ta fito, ta sauya bayan daƙiƙa 30. Ba ya buƙatar data, ba ya buƙatar layin waya. Agogon wayar ne kawai ya zama daidai, wanda tsofaffin wayoyi kan gaza a kansa. Kamfanonin da suka bi wannan buɗaɗɗiyar ƙa'ida, irin su Epic Games mai wasan Fortnite da Sony mai PlayStation, sun bar mutum ya zaɓi manhajar da wayarsa za ta iya ɗauka.

Wasu kuwa sun ce sai tasu. Steam, dandalin kamfanin Valve, yana ɗaure tantancewar cikin manhajarsa ta Android da iPhone, kuma wanda bai kunna ta ba, ana iya riƙe masa kayan da ya yi musaya ko ya sa a kasuwa har kwana 15. Blizzard ma ya janye manhajarsa mai zaman kanta a Janairun 2024, ya mayar da aikin cikin manhajar Battle.net. Hujjarsu ta tsaro tana da ƙarfi, sai dai an gina ta kan zaton kowa na riƙe da ɗaya daga cikin wayoyi iri biyu, kuma sabuwa.

Kasuwar Ikeja ba haka take ba. Microsoft ya daina tallafa wa wayoyin Windows a Disambar 2019, BlackBerry ya rufe tsoffin ayyukansa a Janairun 2022. Wayoyin Huawei da suka fito bayan takunkumin Amurka na 2019 ba sa zuwa da Play Store. Ga kuma ƙananan wayoyi masu madannai na KaiOS, da tsofaffin Android da sabbin manhajoji suka wuce su. Mai irin wannan waya sau da yawa zaɓinsa kaɗan ne: ko ya sauke manhaja daga shafin da bai san asalinsa ba, ko ya koma karɓar lamba ta saƙon tes.

Saƙon tes ɗin kuwa yana rataye ne a wuyan layin waya. Tun da aka fara haɗa layi da lambar NIN a Disambar 2020, 'yan Najeriya sun ga yadda layi kan rufe dare ɗaya. Ga kuma masu yaudarar da ke sauya layin mutum su karɓe saƙonninsa.

Ma'aikacin da ke Abuja, wanda ke tura wa ƙani ko ɗa kuɗin waya, shi ma abin ya shafe shi, musamman idan katin bankinsa ne a maƙale da asusun wasan. Kafin a biya, a gwada sauke manhajar a gaban mai shago. Kafin a sayar da tsohuwar waya ko a ba mai gyara ya goge ta, a kwashe tantancewar zuwa sabuwa, a kuma rubuta lambobin ko-ta-kwana da kamfanin ya bayar a takarda. Google Authenticator ya fara ajiye kwafi a asusun Google tun Afrilun 2023, amma wannan ba ya ceto asusun Steam, wanda ke da tasa lambar farfaɗowa daban.