Idan babbar mura ta zo, wa take fara kayarwa?

Duk makiyayi ya san haka: idan ciwo ya shiga garke a ƙarshen rani, ramammun bisashe, masu ciki da ƙanana su ne ke fara faɗuwa. Waɗanda suka samu haki da dussa sau da yawa sukan tashi. A wajen aikin rigakafi na sha ganin garke biyu suna shan ruwa a rijiya guda, ciwo guda ya kama su, amma asarar ba ta zo ɗaya ba. Haka abin yake ga mutane.

A 1918 wata mura ta game duniya, ta kashe mutane kimanin miliyan 50. Jiragen ruwa ne suka kawo ta gaɓar Afirka ta Yamma, ta Firitawun da Legas, daga nan ta bi layin dogo da hanyoyin fatake zuwa ƙasar Hausa. Ƙwayar cutar iri guda ce, amma ɓarnarta ta bambanta. A Indiya ta tarar da fari da yunwa, ta kashe fiye da mutum miliyan 12. A ƙasar Niyu Zilan, ƴan asalin ƙasar, wato Mawori, waɗanda suka fi talauci da nisa da likita, mutuwarsu ta ninka ta Turawa wajen sau bakwai.

Me ya sa? Akasarin waɗanda suka rasu ciwon huhu ne ya ƙarasa su bayan mura ta raunana su. Jikin da yunwa ta ci ba ya da ƙarfin kare kansa. Ɗaki guda mai mutum takwas, in ɗaya ya yi tari, kowa ya shaƙa. Wanda ba ya da mai karɓarsa aiki ba ya kwanciya ya huta. In gida duka ya kwanta, babu mai ɗebo ruwa ko dama fura.

Mu duba rugagenmu. Mai zazzaɓi yakan bi shanu saboda babu mai bin su. Matar da ke tatsa ita ce ke jinya, ko da tana da ciki, alhali masu ciki suna cikin waɗanda murar 2009 ta fi wahalarwa. Gidan likita na iya kai tafiyar yini, kuɗin mota kuma sai an sayar da akuya. Sannan muna cuɗanya a kasuwannin bisashe da bakin rijiyoyi.

Wani abin kuma, sabuwar mura takan fito ne daga dabbobi. A 2006 an tabbatar da murar tsuntsaye H5N1 a Magarya, cikin jihar Damagaram. A 2024 irin wannan ƙwayar ta shiga shanun tatsa a Amurka, aka same ta cikin ɗanyar madara, ta kuma kama wasu masu aikin tatsa. Ke nan wanda ke kusa da bisashe yana sahun gaba.

Ba mu da ikon hana annoba zuwa, amma ƙungiya tana iya rage nauyinta tun kafin ta iso. A ware wani abu cikin asusu don kai marar lafiya likita. A tsai da wanda zai riƙe garken ɗan ƙungiya in ya kwanta. A sa gidajen masu ciki, tsofaffi da yara ramammu a gaba wajen rabon hatsin rumbun tsimi. A tafasa madara kafin a sha. Kaji ko agwagi in suka yi ta mutuwa, kada a yanka, kada a kai kasuwa. A sanar da ma'aikacin kiwo.

In mai mura ya fara numfashi da sauri, ko ƙirji na ciwo, ko zazzaɓi ya sauka ya sake dawowa, kada a jira gobe. Kada kuma a ba shi maganin bisashe, a kai shi likita.

A taronku na gaba, ku fara da tambaya guda: in rabinmu suka kwanta mako biyu, wa zai shayar da garke, wa zai kai mu likita?