Shin Ko Kun San? Buhun Masarar Tsiga da Lissafin Masu Ba da Tallafi

Shin ko kun san cewa farin da ya ƙone Sahel a farkon shekarun 1970 shi ya haifi CILSS, ƙungiyar yaƙi da fari a yankin? Ƙasashe shida ne suka kafa ta a 1973, da Nijar a cikinsu, hedikwatarta kuma tana Wagadugu. Hatsin agaji ya zo a lokacin, amma kowace ƙasa mai bayarwa da nata tsarin, ga jinkiri. A 1976 masu ba da tallafin suka haɗu a ƙarƙashin Club du Sahel, domin su riƙa zama da CILSS a tabarma ɗaya.

Ko kun san a wannan tsakanin ne, a 1975, Bankin Duniya ya sa kuɗi a shirin bunƙasa noma na Funtuwa, tare da na Gusau da Gombe? Shirin ya kawo taki, ingantaccen iri da hanyoyin karkara. Tun daga nan masara ta zama amfanin gonar kasuwa a ƙasar Funtuwa da Bakori, har Tsiga.

Ga abin da ya fi damuna. Hatsin kyauta idan ya sauka da kaka, manomi ne ke ji a jikinsa, domin farashi karyewa yake yi alhali bashin taki na jiransa. Saboda irin haka ne a 1990 ƙasashen CILSS da masu tallafi suka amince da yarjejeniya kan agajin abinci: a auna buƙata tare, kada a kashe kasuwar gida, a sayi na yankin in da hali. An faɗaɗa ta a 2011 ta haɗa duk ƙasashen ECOWAS, da Chadi da Muritaniya. A ganina kowace ƙungiyar manoma ta cancanci a karanta mata wannan takarda da Hausa.

Shin kun san Najeriya ba ta cikin CILSS, amma da ma'auninta ake auna yunwa a Jihar Katsina? Sunansa Cadre Harmonisé, mai matakai biyar, daga wadata zuwa matsananciyar yunwa. Sau biyu ake zaman a shekara, bayan girbi da kuma wajajen Maris, jami'an gwamnati da na hukumomin abinci na duniya, FAO da WFP, duk a ɗaki guda.

ECOWAS ma tana da rumbun tsimi: a 2013 shugabanninta suka amince da shi, Tarayyar Turai ta taimaka da kuɗi, ofishin da ke kula da shi yana Lome. Masara, dawa, gero da shinkafa ake tarawa a ciki.